Inda Ƙasa Ta Tsuke: Daga Burtalin Darini Zuwa Mashigin Hormuz

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Darini, da na Batsari da Ruma, da na Safana da Runka, da sauran garuruwan da ke bakin dajin Rugu. Iyayenmu, sannunku da hutawa. Manoma, ya aiki? 'Yan'uwa makiyaya, ya garke? Ɗalibai kuma ku matso kusa da rediyo, don yau darasin labarin ƙasa ne.

Batunmu na yau shi ne wuraren da suka tsuke. Ko ruwa ne ko tudu, inda ya yi siriri, ya matse, har ya zama dole kowa da komai ya bi ta nan. Bahaushe ya ba irin waɗannan wurare sunaye da yawa. Akwai rafi, akwai kwari, akwai kwazazzabo. Akwai mashigi, akwai ziri, akwai burtali. Kowane suna yana gaya maka halin wurin, yana kuma gaya maka abin da bai kamata ka yi masa ba. Za mu fara da ruwan gida. Daga nan mu tsaya a mashigi, mu leƙa teku, sa'an nan mu dawo burtali.

To, bismillah. Ruwan gida.

Idan aka yi ruwan sama, ruwan da ƙasa ba ta shanye ba yakan nemi gangare. Hanyar da ya saba bi, ita ce makwarara. Makwarara da makwarara su haɗu, sai a sami rafi ko ƙorama. Rafi da rafi su haɗu, sai gulbi. Mu a nan gulbi muke cewa, mutanen Kano su ce kogi. Ƙasar da ta yi ƙasa-ƙasa tsakanin tudu biyu, wadda ruwan ke bi ta cikinta, ita ce kwari. Gefen da ruwa ke kwanciya ya bar laka mai albarka, shi ne fadama.

Ruwan wannan yanki namu na yammacin Katsina ba ya tsayawa a nan. Gulbin Karaduwa, wanda aka datse a Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, da gulbin Bunsuru, duk gulbin Rima suke kai kayansu. Gulbin Gada kuwa, wanda aka datse a Jibiya, sai ya tsallaka iyaka ya shiga Nijar. A can sunansa Gulbin Maraɗi. Ya ratsa ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, sa'an nan ya juyo ya dawo Nijeriya ya faɗa Rima. Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato, su gangara Kwara. Kwara ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, su wuce teku. Ruwan da ya zubo daga indararon gidanka, Malam, idan rana ba ta ƙafar da shi ba, ƙasa ba ta shanye shi ba, can ya nufa.

Yanzu ga ƙa'ida ɗaya da nake so kowa ya riƙe. Ruwa idan aka matse masa hanya, gudu yake ƙarawa. Zan maimaita. Ruwa idan aka matse masa hanya, gudu yake ƙarawa. Dalili kuwa, yawan ruwan da ya shigo ta sama, dole shi ne zai fita ta ƙasa. Idan hanya ta yi faɗi, sai ya baje, ya tafi a hankali, ya ajiye yashin da ya ɗauko. Idan hanya ta tsuke, ba shi da zaɓi, sai ya yi sauri. Ruwa mai sauri kuma ba ya ajiye ƙasa, ɗiba yake yi.

Wannan shi ya kawo mu ga kwazazzabo.

Kwazazzabo rami ne dogo, mai zurfi, mai miƙaƙƙen gefe, wanda ruwa ya yanka. Kwari kana iya nomansa. Kwazazzabo kuwa cin gonar yake yi. Kuma ba a wayi gari an gan shi ba, daga ƙaramin abu yake farawa. Turbar da mutane suka tattake har ciyawa ta mutu. Sawun tayar amalanke a kan gangare. Bakin kwalbati, inda ruwan titi ke fitowa da ƙarfi ya daki ƙasa. Ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Shekarar farko yaro yana tsallake shi da gudu. Bayan 'yan damuna, sai jaki ya zagaya.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan kwazazzabo bayan an ɗauke ruwa ya san abin da nake nufi. Ka dubi inda ya fara, wato kansa. Ruwa yana faɗowa daga sama, yana rarake gindin gaɓar. Sama kuwa tana nan kamar lafiya lau, har da shukar gero a kai. Saiwoyin suna reto a fili. Sai tsaga ta bayyana taku ɗaya ko biyu daga baki. Daren da aka sake yin ruwa, gaɓar ta rufta gaba ɗaya, ta tafi da kunya biyu ko uku. Abin lura a nan shi ne, ruwa gangarawa yake yi, amma kwazazzabo hawa yake yi. Kullum kansa yana matsowa sama, yana nufo gona, yana nufo gida, wani lokaci har maƙabarta.

Shi ya sa mai zuba shara a tsakiyar kwazazzabo don ya cike shi, wahala kawai yake sha. Marka ɗaya za ta kwashe ta kai wa na ƙasa. A kai ake tarar sa. A rage ƙarfin ruwan tun kafin ya iso bakin ramin. A jera duwatsu ko buhunan ƙasa a gicciye, ba shinge ɗaya babba ba, ƙanana da yawa, wannan bayan wannan, don ruwa ya riƙa hutawa yana ajiye yashi. A dasa gamba ko jema a baki, don saiwarsu tana riƙe ƙasa. A daina noma har leɓen rami. Kunya biyun da kake ƙyashin bari, su ne ke tsare sauran gonar. Masu ɗibar yashi da tifa kuma, don Allah a nisanci gindin gaɓa da gindin gada. Kuma wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kwazazzabo na mai gonar sama ne da na ƙasa duka, ko da a gonar mutum ɗaya ya ɓullo.

Jama'a, mu matsa gaba. Yanzu sai mashigi.

Mashigi shi ne wurin da ake shiga gulbi a ƙetare, da ƙafa ko da dabba ko da babur. Ga tambaya. Idan ka iso bakin ruwan da ba ka sani ba, ina za ka nemi mashigi? Inda ya tsuke, ko inda ya yi faɗi? Ido zai ce maka inda ya tsuke, ai ga gaci can kusa. To, tuna ƙa'idarmu. Inda ya tsuke, nan ne zurfi, nan ne gudu. Mashigin ƙwarai yana inda ruwa ya baje, ya yi faɗi, ƙasansa ya yi tauri. Wurin da ya tsuke na mai gina gada ne, don shi gajeren nisa yake nema da gaɓa mai ƙarfi. Mai tafiya da ƙafa kuwa, faɗi ne abokinsa.

Kada kuma a ƙetare a kan kwana. Inda gulbi ya yi lanƙwasa, gefen waje ruwa ke daka, nan yake haƙa rami. Gefen ciki ne yake tara yashi. Sai mutum ya shiga ta gefen yashi, ruwa iya gwiwa, yana cewa ai babu komai. Taku uku kafin gaci, ƙasa ta ɓace masa.

Gulaben ƙasarmu suna da wani hali da ke ruɗin mutane. Rabin shekara yashi ne kawai. Yara suna wasa a ciki, mata suna tona yashi suna jiran ruwa ya tsattsafo su cika tulu da ƙoƙo. Sai a manta cewa hanyar ruwa ce. Amma ana iya yin ruwa mai ƙarfi can sama, nisan da ko hadarin ba ka gani ba, nan kuma rana tana haskawa. Sai ka ji wani ruri daga nesa. Sai kumfa da karan dawa da ɓaraguzan itace su fara wucewa. Ruwan ya koma ja. Gulbi ya kawo ke nan. Wanda ke ciki ya fita ta gaɓar da ta fi kusa, ko da ba ita ce ta gidansu ba.

Samari 'yan acaɓa, da ku nake. Ruwa mai gudu idan ya kai gwiwa, yana iya kayar da ƙato. Babur kuwa ba ya buƙatar ya kai haka. Ranar kasuwar Batsari ba ita ce ta ƙarshe ba. Irin wannan ruwan yakan janye cikin 'yan awoyi, a zauna a jira. Iyaye mata, idan hadari ya haɗu ta gabas, a kirawo yara daga rafi tun kafin ya zubo.

Mutanen Jibiya ba za su manta da watan Yulin 2018 ba. Ruwa ya sauko cikin dare, ya cika hanyarsa ya haura cikin gari. Sama da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. Allah Ya jiƙansu. Hanyar ruwa ko ta shekara goma a bushe, ba fili ba ce. Duk wanda zai sayar maka da fuloti a cikin kwari, ka tambayi tsofaffin unguwar inda ruwa ya taɓa kaiwa.

To, yanzu mu leƙa teku. Ɗalibai, nan ne wurinku.

Kuna jin masu labaran duniya suna cewa mashigin Hormuz, mashigin Suwez, Zirin Gaza. Bari mu warware su, don ba abu ɗaya ba ne.

Mashigin teku siririn ruwa ne tsakanin tudu biyu, wanda ya haɗa manyan ruwaye biyu. A gulbi, mashigi ƙetare shi ake yi. A teku kuwa, jirage bi ta cikinsa suke yi. Mashigin Hormuz yana tsakanin Iran da Oman. Inda ya fi tsukewa bai kai kilomita 40 ba, wato bai kai nisan Katsina zuwa Batsari ba. Amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na man fetur da duniya ke sha, ta nan yake fitowa. Na Saudiyya, na Iraƙi, na Kuwait, da iskar gas ta Ƙatar. Shi ya sa da zarar an yi cacar baki a wannan yanki, farashin mai yake motsawa a ko'ina.

Akwai Babul Mandab, tsakanin Yaman da Jibuti, ƙofar Bahar Maliya ta kudu. A ƙarshen 2023, da 'yan Huthi suka fara kai wa jirage hari a wurin, manyan kamfanoni da yawa suka koma zagayawa ta Afirka ta Kudu. Zagayen yana ƙara wa jirgi kusan kwana goma, kuɗin kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Akwai kuma Bosforus, wanda ya raba birnin Istanbul biyu. A wani wurin faɗinsa mita 700 ne kacal. Ta nan alkama da takin da ake lodawa a tashoshin Bahar Aswad suke fitowa. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sai da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani a watan Yuli kafin jiragen hatsin Yukiren su sake wucewa. Manomin da ya je sayen buhun taki a waccan shekarar ya ji a jikinsa.

Waɗannan duk halitta ne, haka Allah Ya yi su. Suwez kuwa haƙa shi aka yi. Ga yadda abin yake. Ku kalli kalangu. Baki biyu masu faɗi, tsakiya a tsuke. Wani lokaci nahiyoyi biyu haka suke haɗuwa, siririyar ƙasa ce kawai ta riƙe su, ruwa dama da hagu. Mu kira ta ƙugun ƙasa. Afirka da Asiya a ƙugun Suwez suka haɗu, a ƙasar Masar. Amurka ta Arewa da ta Kudu kuma a ƙugun Panama. Mashigin teku ruwa ne da ya raba tudu. Ƙugun ƙasa tudu ne da ya raba ruwa. Ɗaya kishiyar ɗaya.

To, sai ɗan Adam ya ce, me zai hana a yanka ƙugun nan jirgi ya wuce? Aka haƙa Suwez, aka buɗe shi a 1869. Tsawonsa yanzu kilomita 193. Na Panama aka buɗe a 1914, tsawonsa kusan kilomita 80. A 1956 Shugaba Jamal Abdul Nasir ya mayar da Suwez mallakar Masar, Ingila da Faransa da Isra'ila suka far masa da yaƙi. Daga 1967 zuwa 1975 kuma mashigin a rufe yake ruf, shekara takwas. Na kusa-kusan nan, a watan Maris na 2021, wani jirgin dakon kaya mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gicciye a ciki, kansa a wannan gaɓa, gindinsa a waccan. Kwana shida ba shiga ba fita. Ɗaruruwan jirage suka yi layi. Jirgi ɗaya tak, a wurin da ya tsuke.

Ziri kuwa ba shi da wuya. Ƙasa ce doguwa siririya. Zirin Gaza tsawonsa kusan kilomita 41, faɗinsa tsakanin 6 zuwa 12, teku a gefe guda. Ƙasar Gambiya ma ziri ce, ta bi kogi ɗaya, Sanagal ta kewaye ta, ban da gefen teku.

Jama'a, mu dawo gida. Ga wanda ya fi shafar mu duka, burtali.

Burtali hanya ce ta dabbobi tsakanin gonaki. Daga ruga ko gari zuwa makiyaya, daga makiyaya zuwa mashaya. Babbar hanyar da garke ke bi daga wannan ƙasa zuwa waccan, wasu suna kiranta labi. Iyayenmu ba su bar burtali don rashin son gona ba. Sun bar shi ne don gonar ta zauna lafiya. Sukan dasa aguwa ko bini-da-zugu a gefe da gefe, shingen ya zama iyaka. Saniya ta san inda za ta bi, manomi ya san inda garmarsa za ta tsaya.

Hukuma ma ta san da shi. A 1965, zamanin Sardauna, gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Dajin Ruma da Kukar Jangarai, nan ƙasarmu, yana cikin manyan wuraren da aka keɓe. A 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince makiyaya su riƙa ƙetare iyaka da takardar shaida, ta hanyoyin da aka ware. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, tun dokarsu ta tsarin karkara ta 1993, suna bin burtali suna aunawa, suna kafa turakun siminti a gefensa. Wanda ya taɓa bin ƙauyukan jihar Maraɗi ya gan su. A ganina wannan abin koyi ne. Aguwa ana iya sare ta cikin dare. Turken siminti kuwa, wanda ya tumɓuke shi kowa zai san da gangan ya yi.

Yaya burtali ke mutuwa? Ba wanda ke tashi rana ɗaya ya nome shi duka. Na dama ya ci kunya ɗaya bana. Na hagu ya ga haka, ya ci biyu baɗi. Magada su zo, su tarar da gonar haka, su rantse iyakar ubansu ke nan, kuma ba ƙarya suke yi ba, haka suka gani. Hanyar da garke ke wucewa a sake, sai ta koma ta shanu biyu kafaɗa da kafaɗa. Yawan shanun kuwa bai ragu ba. Ku tuna abin da muka faɗa a kan ruwa. Garke ma idan aka matse masa hanya, ba komawa baya yake yi ba, ta gefe yake fasawa. Yaro ɗaya da sanda ba zai iya tare shanu hamsin a wurin da bai ɗauki goma ba. Sai a wayi gari an yi ɓarna, an tafi gaban mai gari, wani lokaci abin ya wuce nan.

Ban ce wannan ne kaɗai ya jawo halin rashin tsaron da yankinmu ya shiga ba. Mutanen Batsari da Safana sun fi kowa sanin cewa abin ya fi haka yawa da zurfi. Kuma makiyayin da ya bar burtali a buɗe ya kora shanu cikin gero, shi ma ya ci amana, babu wani uzuri. Amma toshe burtali da noma bakin mashaya suna cikin abubuwan da ke hannunmu, ba sai an jira Abuja ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Burtalin da ya tsuke, kofato yana daka wuri ɗaya kullum. Ciyawa ta mutu, ƙasa ta yi gari, tsakiyar hanyar ta lotsa. Damina ta zo, ruwa ya sami makwarara a shirye. Burtali ya zama kwazazzabo. Daga nan ya fara cin gonakin nan biyu da suka ci shi.

Saboda haka ga roƙona ga masu gari da masu unguwanni, da arɗoɗi, da shugabannin manoma. Lokacin duba burtali rani ne, ba bayan shuka ta fito ba. A fita tare, manomi da makiyayi, a ɗauki dattawan da suka san tsohuwar iyaka tun suna raye. A bi hanyar da ƙafa daga bakin gari har mashaya. Inda aka ci, a mayar. A dasa shinge, a rubuta faɗin a takarda, a kai kwafi wurin hakimi da ƙaramar hukuma. Mutanen Batsari suna da Sarkin Ruma, na Safana suna da Yariman Katsina. Takardar da ke ofishinsu ta fi ƙarfin gardamar magada.

Ɗalibai, ga aikin gida. Ku je wurin kakanku ko kakarku, ku tambayi sunan kowane rafi da kowane mashigi da ke tsakanin garinku da kasuwar da kuka fi ci. Ku tambayi wanne ake ƙetarewa da marka, wanne ba a kusanta. Ku rubuta, ku kai wa malaminku na labarin ƙasa.

A shiri na gaba, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan tafki da kududdufi, da dalilin da ya sa wani ke riƙe ruwa har bazara, wani kuma ya ƙafe tun kaka. Mu kwana nan.